Halaccin Aikin Soja a Addinin Kirista: Tushen Saɓani da Yadda Ya Gudana

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wata mas'ala da ta daɗe tana raba kan malaman Kirista, wato ko ya halatta ga mabiyin addininsu ya shiga aikin soja. An bi diddigin mas'alar tun daga nassoshin Sabon Alkawari, zuwa zamanin daular Rumawa, zuwa rarrabuwar ɗarikoki a Turai, har zuwa yau. An nuna cewa tushen saɓanin shi ne nassin da suke riƙe da shi ya zo wa jama'ar da ba ta da daula, don haka bai ƙunshi hukunce-hukuncen yaƙi ba, sai malamai suka cike gurbin da ijtihadi bayan da mulki ya zo hannunsu. Daga ƙarshe an kwatanta matsayinsu da na fiƙihun Musulunci.

1.0 Gabatarwa

Akwai maganganu biyu da ake yawan ji a bakin ɗalibai idan aka tashi zancen Kirista da yaƙi. Wasu sukan ce addinin ya haramta ɗaukar makami, saboda haka duk Kiristan da ya sa kayan soja ya saɓa wa littafinsa. Wasu kuma sukan ce addinin yaƙe-yaƙen Salibiyya ne, zancen zaman lafiya a cikinsa yaudara ce kawai. Kowace daga cikin maganganun ta kama wani ɓangare na tarihi ta saki sauran.

Mas'alar ba ta nesa ba ce. A barikokin sojan Nijeriya coci da masallaci suna maƙwabtaka, kuma rundunar tana da sashen limaman Katolika, da na Furotesta, da na harkokin addinin Musulunci. A jihar Adamawa kuma akwai hedikwatar wata majami'a wadda iyayen gidanta suka ɗauki ƙin yaƙi a matsayin ginshiƙin aƙida. Wanda zai yi wa'azi ko ya zauna teburin sulhu da waɗannan mutane yana bukatar ya san abin da kowannensu ya dogara da shi.

Alƙur'ani ya yi umarni da a yi jayayya da ma'abota littafi ta hanya mafi kyau (Ankabut: 46), ya kuma hana ƙiyayya ta kai mutum ga barin adalci (Ma'ida: 8). Shahrastani a littafinsa al-Milal wan-Nihal ya sharɗanta wa kansa kawo ra'ayin kowace ƙungiya kamar yadda ya same shi a littattafanta. Wannan hanya aka bi a nan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ambaton abin da ke cikin Linjilar da ke hannunsu bayani ne na hujjarsu, ba tabbatar da ingancin riwayar ba ne.

2.0 Nassoshin da Ɓangarorin Biyu Suke Kafa Hujja da Su

Masu haramtawa sun fi dogara da huɗubar da Matiyu ya ruwaito a sura ta 5, wadda Kiristoci suke kira Huɗuba a Kan Dutse. A cikinta an jingina wa Annabi Isa (AS) hani ga rama mugunta, da umarni da haƙuri ga wanda ya yi mari, da ƙaunar maƙiyi. Suna ƙarawa da riwayar daren da aka zo kama shi, inda wani almajiri ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban malamin Yahudawa, sai aka umarce shi ya mayar da takobin kube (Matiyu 26). A fahimtarsu, idan ba a yarda a kare shi kansa Almasihu da takobi ba, to babu wani abin da ya cancanci a kare da shi.

Masu halattawa kuma suna da nasu. Luka ya ruwaito a sura ta 3 cewa sojoji sun tambayi Annabi Yahaya (AS) abin da za su yi, sai ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya umarce su da wadatuwa da albashinsu, bai ce su bar aikin ba. An ruwaito yabon imanin wani hafsan Rumawa a Kafarnahum (Matiyu 8). Littafin Ayyukan Manzanni a sura ta 10 ya kawo labarin Karniliyus, hafsa mai jagorantar soja ɗari a Kaisariya, wanda Bitrus ya yi wa baftisma ba tare da an ambaci ya ajiye muƙaminsa ba. Mafi ƙarfin hujjarsu ita ce wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 13, inda ya ɗauki mai mulki a matsayin ma'aikacin Allah wanda aka ba shi takobi don hukunta masu laifi. Bayan wannan ga Tsohon Alkawari cike da yaƙe-yaƙen Yusha'u da Annabi Dawuda (AS).

Wanda ya saba da usulul fiƙihu zai lura da abu guda. Hujjojin haramci umarni ne ga mutum a kan haƙƙin kansa, ba su ambaci soja ba. Hujjojin halacci kuma galibinsu shiru ne, wato rashin hani, ba umarni ba. Babu nassi ko ɗaya a Sabon Alkawari da ya faɗi wanda ke da ikon shelanta yaƙi, ko wanda aka hana kashewa, ko hukuncin fursuna. Dalili kuwa a fili yake: waɗanda aka rubuta wa littafin tsiraru ne a ƙarƙashin daular da ba tasu ba.

3.0 Ƙarni Uku na Farko

A farko mas'alar ba ta taso sosai ba, domin sojan Rumawa galibi na sa-kai ne. Amma zuwa ƙarshen ƙarni na 2 an sami Kiristoci a cikin runduna. Wajen shekara ta 178 wani masanin falsafa mai bautar gumaka, Selsus, ya zargi Kiristoci da cewa da kowa zai yi irin nasu, da an bar Kaisar shi kaɗai, daula ta faɗa hannun maƙiya. Orijin na Iskandariyya ya mayar masa da martani wajen 248. Bai musanta zargin ba. Ya ce kamar yadda Rumawa suke ɗauke wa limaman gumakansu fita yaƙi don hannayensu su zauna da tsarki, haka Kiristoci suke taimakon Kaisar da addu'a, su roƙa wa masu yaƙi bisa gaskiya nasara. Wannan amsa ta nuna Orijin bai ce daula ba ta da ikon yaƙi ba. Abin da ya ce shi ne ba aikin Kirista ba ne.

Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, shi ya fi kowa tsanantawa. A shekara ta 197 ya yi alfahari da cewa Kiristoci sun cika birane har da sansanonin soja. Amma wajen 211 ya rubuta risala a kan wani soja Kirista da ya ƙi ɗora rawanin ganye a ranar rabon kyautar Kaisar, aka ɗaure shi. Wasu Kiristoci sun zargi sojan da tsokano fitina, Tartuliyan kuwa ya kare shi, ya ce ba a haɗa mubaya'a ga Almasihu da mubaya'a ga Kaisar. Wani kundin dokokin coci da ake jingina wa Hibolitus na Roma ya tanadi cewa sojan da ya karɓi addini kada ya yi kisa ko da an umarce shi, kada kuma ya yi rantsuwar soja, wanda kuwa ya riga ya karɓi addini sannan ya nemi shiga soja a kore shi.

Dole a fahimci yadda rundunar take. Sojan Rumawa yana rantsuwa da sunan Kaisar, yana girmama tutoci girmamawar ibada, hafsoshi suna jagorantar yanka da ƙona turare ga gumaka. An tono wata kalandar soja a garin Dura da ke bakin kogin Furatu, ta farkon ƙarni na 3, cike da ranakun yanka ga gumaka da sarakunan da suka mutu. A wannan gari na soja ne kuma aka tono ɗaya daga cikin tsofaffin coci-coci da aka sani. A nan masu tarihi suka rarrabu a kan illar haramcin. Cadoux a 1919 da Bainton a 1960 sun rinjayar da zubar da jini, Helgeland daga baya ya rinjayar da bautar gumaka. Bambancin yana da nauyi, domin hukunci yana tafiya da illarsa: idan shirka ce illar, to haramcin ya faɗi ranar da rundunar ta daina yanka ga gumaka, idan jini ne, yana nan har abada.

Labarai biyu daga Arewacin Afirka sun nuna illolin biyu duk sun yi aiki. A shekara ta 295, a garin Tabassa na Aljeriya ta yau, aka kawo wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Maksimiliyan don a ɗauke shi soja, ya ƙi. Gwamna ya tunatar da shi cewa akwai Kiristoci a cikin dogarawan sarakuna, ya amsa cewa su sun san abin da ya dace da su, shi dai ba zai iya ba. Aka sare kansa. Bayan shekara uku, a Ɗanja ta Maroko, aka kashe hafsa Marsilus saboda ya jefar da ɗamararsa a ranar bikin Kaisar. Na farko ya ƙi aikin ne tun daga tushe, na biyu ya yi shekaru a cikinsa kafin bikin gumaka ya fitar da shi.

4.0 Bayan Ƙusɗanɗin: Nazariyyar Yaƙin Adalci

A shekara ta 312 Ƙusɗanɗin ya ci yaƙin gadar Milbiyan da alamar Kirista a garkuwar sojansa, a 313 aka ba addinin 'yanci. Shekara guda bayan haka majalisar bishop-bishop a Arles ta yanke hukuncin ware duk wanda ya jefar da makaminsa a lokacin zaman lafiya. Wajen 416 doka ta hana masu bautar gumaka aikin soja. A cikin ƙarni ɗaya da 'yan kai, rundunar da ta kori Kiristoci a zamanin Diyokletiyan ta zama ba a shiga cikinta sai Kirista.

Yanzu tambayar ta juye. Da, ana tambaya ko Kirista zai yi wa daular arna aiki. Yanzu iyaka tasu ce, talakawa nasu ne, maƙiya suna bakin ƙofa. Wanda ya fi kowa tasiri wajen amsawa shi ne Ogastin, 354 zuwa 430, haifaffen Suƙ Ahras kuma bishop na Annaba, dukkansu a Aljeriya. Ogastin ya yi tawili iri biyu. Na farko, ya ce umarnin haƙuri da mari yana magana ne a kan halin zuciya, ba a kan motsin gaɓɓai kaɗai ba, don haka mutum zai iya hukunta azzalumi ba tare da ƙiyayya ba, kamar yadda uba yake horon ɗansa. Na biyu, ya raba tsakanin mutum a kan kansa da mutum a kan muƙami. Bai yarda Kirista ya kashe ɗan fashi don kare ransa ba, amma ya yarda soja ya yi kisa da umarnin halastacciyar hukuma don kare wasu. A wurinsa sharrin yaƙi yana cikin son zubar da jini da ƙeta da kwaɗayin mulki. Wajen 418 ya rubuta wa kwamandan Rumawa a Afirka, Bonifas, yana tabbatar masa cewa soja zai iya samun yardar Allah, da sharaɗin zaman lafiya ya zama manufarsa, yaƙi kuma larura. Da Bonifas ya so barin soja ya shiga ruhubananci bayan rasuwar matarsa, Ogastin ne ya hana shi. Ogastin ya rasu alhali mayaƙan Bandal sun kewaye garinsa.

Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tattara wannan a sharuɗɗa uku: izinin mai mulki, da dalili na gaskiya, da kyakkyawar niyya. Ya kuma haramta wa limamai da bishop-bishop yin yaƙi da hannunsu. Wannan haramci shi ne ragowar tsohon matsayi: abin da Orijin ya ɗora wa dukkan Kiristoci ya koma kan ma'aikatan coci kaɗai. Daga baya Fransisko de Bitoriya a Sifaniya, a 1539, lokacin da mutanen ƙasarsa suke mamaye Amurka, ya karantar cewa bambancin addini ba dalilin yaƙi ba ne, kuma talakan da ya tabbata yaƙi zalunci ne bai halatta ya shiga ba.

5.0 Tsakanin Kaffara da Lada

Halattawar ba ta share ƙyamar jini nan take ba. Basil na Kaisariya, wanda ya rasu a 379, ya ce magabata ba su ɗauki kisa a fagen fama a matsayin kisan kai ba, amma ya shawarci wanda ya yi shi ya nisanci Jibin Ubangiji shekara uku, domin hannunsa ba shi da tsarki. Bayan yaƙin Hastings a Ingila a 1066, bishop-bishop sun ɗora wa mayaƙan da suka yi nasara tuban shekara guda a kan kowane mutum da suka kashe, duk da cewa Paparoma ya goyi bayan yaƙin.

Shekara 29 kacal bayan Hastings, Paparoma Urban na Biyu ya yi kira a Kilamon ta Faransa a 1095, ya mayar da tafiya yaƙin Baitul Maƙdis ita kanta kaffarar zunubi. Abin da ake tuba daga gare shi ya zama abin da ake tuba da shi. Sakamakon ya bayyana a kisan gillar 1099, da kafa ƙungiyoyin ruhubanawa mayaƙa. Wannan matsayi na uku ne, dabam da ƙin yaƙi, dabam da yaƙin adalci.

Abin lura ga mai karatu Musulmi shi ne cocin Gabas, wanda ya fi daɗewa yana gaba da Musulmi, bai bi wannan hanya ba. Sarki Niƙfur Fokas, abokin gabar Saifud Daula al-Hamdani, ya nemi a ayyana sojojin da suka mutu a yaƙi a matsayin shahidai. Shugaban cocin Ƙusɗanɗiniyya da majalisarsa suka ƙi, suka kafa hujja da dokar Basil.

6.0 Ɗarikun Furotesta da Majami'un Salama

A 1526 Martin Luther ya rubuta risala don amsa tambayar wani jarumi a kan ko soja zai sami tsira. Ya kwatanta aikin da na likitan da ke yanke ƙafa don ceton jiki. Ya ce idan soja ya tabbata shugabansa ne azzalumi, to ya bi Allah ya bar mutum. Idan yana shakka, ya yi biyayya. A 1529, shekarar da Usmaniyawa suka kewaye Biyana, ya yarda a yaƙe su a ƙarƙashin sarki don kare ƙasa, amma ya ƙi a yi yaƙin da sunan Almasihu. Kundin aƙidar Lutawa na 1530 da na Anglika na 1571 duk sun rubuta halaccin ɗaukar makami da umarnin hukuma.

A gefe guda wasu tsiraru suka koma ga matsayin farko. A 1527 masu sake baftisma suka haɗu a ƙauyen Shilaithaim na Suwizalan, suka bayyana cewa takobi Allah ne ya tsara shi don duniya, amma ba shi da gurbi a cikin jama'ar Almasihu. An ƙone jagoransu Mika'ilu Satla a wannan shekara, kuma daga cikin tuhumar da aka yi masa har da cewa ya ce ko Turkawa sun zo kada a yaƙe su. Daga wannan reshe Menonawa suka fito. Kwekawa a Ingila sun miƙa wa Sarki Charles na Biyu sanarwar ƙin dukkan yaƙi jim kaɗan bayan hawansa gadon sarauta. A 1708 aka kafa Majami'ar 'Yan'uwa a Jamus. Waɗannan uku su ake kira majami'un salama.

7.0 Zamanin Tilasta Shiga Soja

Da ƙasashe suka soma tilasta wa samari shiga soja, mas'alar ta bar zauren malamai ta shiga kotu. Dokar Birtaniya ta 1916 ta ba da damar ƙi saboda lamiri, kimanin mutum 16,000 suka nema, aka ɗaure dubbai daga cikinsu. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta tura kimanin mutum 12,000 aikin farar hula a maimakon soja. Wasu sun ɗauki hanyar tsakiya, kamar Desmond Doss, ɗan ɗarikar masu kiyaye Asabar, wanda ya shiga soja a matsayin ma'aikacin jinya ba tare da bindiga ba, ya sami lambar yabo mafi girma saboda ceton raunanan sojoji a Okinawa a 1945. Shaidun Jehobah kuwa sun ƙi aikin gaba ɗaya, kuma Koriya ta Kudu ta yi ta ɗaure samarinsu har zuwa hukuncin kotunanta na 2018.

Labarin da ya fi girgiza cocin Katolika shi ne na Franz Jägerstätter, manomi ɗan Ostiriya. Shi bai haramta aikin soja ba, ya dai yanke cewa yaƙin Hitila zalunci ne, ya ƙi fita. Limamai har da bishop ɗinsa suka shawarce shi ya tuna da iyalinsa ya bar hukunci ga shugabanni. Aka sare kansa a watan Agusta 1943. Abin da ya yi shi ne aiki da sharaɗin da Bitoriya da Luther suka rubuta, wanda aka daɗe ana karantawa ba a aiki da shi. A 1965 babbar majalisar Batikan ta biyu ta kira sojoji masu hidimar tsaron al'umma idan sun yi aikin bisa gaskiya, ta nemi doka ta tanadi mafita ga masu ƙi saboda lamiri, ta ce makauniyar biyayya ba uzuri ba ce, ta kuma la'anci rusa birane da mutanensu. Littafin koyarwar cocin na 1992 ya ajiye sharuɗɗa huɗu na kare kai: ɓarnar maƙiyi ta zama babba tabbatacciya, sauran hanyoyi su gaza, a sami kyakkyawan zaton nasara, kuma maganin kada ya fi cutar muni. A 2007 cocin ya ɗaukaka Jägerstätter zuwa matakin da ke gab da na waliyyai. A 2020 Paparoma Francis ya rubuta cewa da irin makaman yau yana da wuya ƙwarai a iya cika sharuɗɗan yaƙin adalci.

8.0 Mas'alar a Nijeriya

Galibin Kiristocin Nijeriya, Katolika da Anglika da sauransu, magada ne ga matsayin halacci. Janar Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin bishara da ya tashi a Wusasa, shi ya jagoranci gwamnatin tarayya a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yaƙin da Kiristoci suka kasance a sahun ɓangarorin biyu. Da yake ƙasar ba ta tilasta shiga soja, ba a sami shari'o'in masu ƙi irin na Turai ba.

Amma ɗayan matsayin ma yana nan. A watan Maris 1923 masu mishan na Majami'ar 'Yan'uwa, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito, ta yaɗu a Adamawa da Borno. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Fitinar Boko Haram, wadda ta hallaka ɗimbin Musulmi da malamansu, ta faɗa wa wannan majami'a da ƙarfi: mafi yawan 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilu 2014 'ya'yanta ne, a Oktoban shekarar kuma aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi. Shugabanninta sun ci gaba da hana ramuwar gayya, a lokaci guda suna kira ga gwamnati ta kare rayuka. Wannan shi ne matsayin Orijin da na Shilaithaim: mu'amala da takobin hukuma ba tare da riƙe shi ba. Nan ne kuma masu suka suke matsa musu tun zamanin Selsus, cewa wanda ya kwana lafiya da gadin wani yana da wuya ya ce gadin haramun ne.

9.0 Kwatanci da Fiƙihun Musulunci

Musulunci ma ya san zamanin kame hannu, shekara 13 a Makka. Bambancin shi ne daula ta kafu a Madina wahayi yana sauka, don haka izinin yaƙi da iyakokinsa suka zo a nassi. Ayoyin izini (Hajji: 39-40) sun ɗora shi a kan zalunci da kora daga gida, suka ambaci kare ɗakunan ruhubanawa da coci-coci da wuraren ibadar Yahudawa tare da masallatai. Baƙara: 190 ta hana ƙetare iyaka. Wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga Yazidu bin Abi Sufyan, kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta hana kashe mata da yara da tsofaffi, ta ce a ƙyale ruhubanawa. Muhammad bin Hasan ash-Shaibani, wanda ya rasu a 189 bayan Hijira, ya tsara babin a littattafansa na Siyar. Abin da Kiristoci suka nema ta hanyar tawili bayan ƙarni huɗu, Musulmi sun same shi tun ƙarni na farko.

Akwai wuraren haɗuwa: izinin shugaba, da gyaran niyya, da kare waɗanda ba mayaƙa ba, da ƙin biyayya a cikin saɓo, kamar yadda ya zo a hadisin kwamandan da ya umarci mutanensa su faɗa wuta. Akwai wuraren rabuwa kuma. Shari'a ta halatta wa mutum kare kansa da dukiyarsa daga mai kawo hari, abin da Ogastin ya hana. Ba ta ware malamai daga fagen fama ba. Shehu Abdullahi bin Fodiyo, marubucin Liya'ut Tawili, yana cikin jagororin Tabkin Kwatto a 1804. Ba ta kuma san haramcin yaƙi na har abada ba, ko da yake ta san janyewa daga yaƙin fitina, kamar yadda Sa'adu bin Abi Waƙƙas da Abdullahi bin Umar da Muhammad bin Maslama da Usama bin Zaid (RA) suka yi.

Alƙur'ani ya yi nuni ga fuskokin biyu na mabiya Annabi Isa (AS). Ya ambaci tausayi da jinƙai da aka sanya a zukatansu (Hadid: 27), ya kuma ambaci cewa alkawarin Aljanna ga masu yaƙi don Allah yana cikin Attaura da Linjila da Alƙur'ani (Tauba: 111). Farkon Suratur Rum ya yi bushara da nasarar Rumawa a kan Farisa, wadda ta tabbata a hannun Hiraƙla. Ibn Is'haƙ ya ruwaito cewa sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun yi wa Najjashi addu'ar nasara a kan wanda ya yi masa tawaye. Balazuri kuma ya kawo cewa an ɗauke wa Kiristocin Jarajima jiziya a kan su taimaki Musulmi da yaƙi. Ke nan soja Kirista ba baƙo ba ne a tarihin Musulunci.

10.0 Kammalawa

Amsar tambayar ita ce mafi yawan ɗarikun Kirista, tun ƙarni na 4, sun halatta aikin soja da sharuɗɗa. Tsiraru masu tsohon sanadi sun haramta shi. Wani zamani kuma ya wuce gona da iri ya mayar da yaƙi ibada, abin da manyan majami'u ba sa karantarwa a yau. Don haka jifan soja Kirista da munafunci kuskure ne na ilimi, haka ma jifan mai ƙin makami da ragwanta. Tambayar da ta rage wa ɓangarorin biyu ita ce wadda aka kashe Marsilus da Jägerstätter a kanta: wane umarni ne soja mai imani zai ƙi bi, kuma wa zai tsaya masa idan ya ƙi? Wannan tambaya tana gaban soja Musulmi kamar yadda take gaban abokin aikinsa Kirista, kuma limaman bariki da malaman jami'a su ne suka fi cancanta su tanadar mata amsa tun kafin ranar bukata. Allah ne Mafi sani.